Mai Laɓen da Ke Bin Hanya Ɗaya

Ranar Talata ce a tsakiyar Afrilu, kwana kaɗan bayan ƙaramar Sallah. Mako guda ke nan garin furen itatuwa yana sauka a kan Greensboro, ya rufe motoci da tagogi, kowa na atishawa. Da hantsi sai hadari ya haɗo daga yamma, aka yi ruwa na ɗan lokaci mai ƙarfi. Na tsaya a ƙofar shagona ina kallon ruwan yana gangarawa gefen Gate City Boulevard, rawaya kamar an dama gangamau. A cikin wannan ruwan Oumaima ta shigo, ta rungume jakar kwamfutarta a ƙarƙashin hijabi.

"Tonton Salifou, ina kwana? Akwai wuri?"

"Wurinki na nan, ba wanda ya zauna."

Ni tela ne. Shagona ɗan ɗaki ne a bayan wani kantin kayan abinci, keke biyu, tebur ɗaya, da kujerar roba kusa da taga. Wannan kujera ta Oumaima ce tun tana 'yar lakwal, wato makarantar boko. Mahaifinta Maazou abokina ne tun daga Damagaram, shi ya sa take ce mini Tonton, wato baffa. Shi ya fara zuwa ƙasar nan a 1998, ni na biyo shi bayan shekara biyu, muka yi aiki tare a wata masaƙar safa har aka rufe ta. Daga nan shi ya kama tuƙin kamyo, babbar motar kaya, ni na koma sana'ar da na gada. Oumaima tana da shekara bakwai aka kawo ta ita da mahaifiyarta Aïchatou. Na tuna ta a filin jirgi, siririya, ta riƙe takalmanta a hannu don kada su yi datti.

Gidansu a McLeansville gida ne na jama'a. Aïchatou tana kitso a falo, mata na shiga suna fita, talabijin bai hutawa. Shi ya sa yarinyar ta saba a sauke ta wurina bayan lakwal. Ni ba mai surutu ba ne, ita ma haka. Za ta yi awa uku tana lissafi, ni ina ɗinki, in an kira La'asar mu tashi. Ba ta taɓa zama ta ɗaya a komai don a gani ba. Abin da na lura da shi kawai, in lissafi ya ƙi fita ba ta tambayar kowa, sai ta juya takarda ta sake daga farko. Haka ta gama sakandare, ta gama jami'a, ta shiga karatun dakta a nan garin. Shekara huɗu tana kansa.

Na sha tambayar ta mene ne aikin nata, ta sha yi mini bayani. Ga yadda na riƙe shi.

"Tonton, ka ɗauka wata mata Jimmai tana so ta aika wa wani Nouhou mabuɗin sirri, irin lambobin da banki ko asibiti ke kulle saƙo da su. Sai ta aika shi da ƙwayoyin haske, ɗaya bayan ɗaya, ta cikin waya siririya kamar gashi. Kowace ƙwaya ko ta aika ta a tsaye, ko a karkace. To ita wannan ƙwaya Allah Ya yi ta da wani hali: ba a duba ta a bar ta yadda take. In wani ya laɓe a hanya yana so ya karanta, dole ya yi canke, tsaye ko karkace. In ya canka ba daidai ba, ya ɓata ta. Daga baya Jimmai da Nouhou su ɗebi wani kaso na abin da ya iso su gwada da juna. In ɓarna ta yi yawa, sun san akwai mai laɓe, sai su zubar da mabuɗin su sake wani."

Na ce, "To ke ina naki a ciki?"

"Duk abin da aka ɗeba don gwaji an yi asararsa, ba ya shiga mabuɗi. Ni na rubuta wata dabara da ke koyon inda ya kamata a ɗeba, don a kama mai laɓe da ɗan kaɗan."

Na'urorin da ke aika hasken na gaske ba kowace jami'a ke da su ba. Saboda haka ita a cikin kwamfuta ta gina duka: Jimmai, Nouhou, wayar, har da shi Mai Laɓen. Kwaikwayo ne, amma da lissafin gaskiya. Sai ta saki su uku su yi ta yi, sau dubu goma, sau dubu ɗari, ta ƙirga sau nawa aka kama shi. Kuma dabararta ta yi abin mamaki. Da rabin abin da ake ɗiba a da take kama shi. Malaminta, Dakta Nicodemus, mutumin Filato ne, yana jin Hausa kamar mu. Ya sa sunansa kusa da nata a takardar da suka aika wani babban taro, aka karɓa. Wani kamfani a wajen Raleigh ya ce ta zo aiki da zarar ta karɓi digirin. Saura mako uku ta tsaya gaban malamai biyar ta kare aikin.

Maazou kuwa bai bar kowa bai faɗa wa ba. A masallaci, a gidan mai, a waya zuwa Damagaram. Aïchatou ta yi odar shadda ruwan zuma daga Kwatano, riguna goma sha huɗu iri ɗaya na ranar walima, ta kawo mini. Ranar da nake magana na riga na yanka tara.

Oumaima ta goge ruwan da ke hannunta ta buɗe kwamfuta.

"Tonton, zo ka ga yaranka. Na yi musu hoto."

Ashe duk shekarun nan jimillar lamba kawai kwamfutar ke ba ta a ƙarshe. Sai cikin azumin nan ta zauna ta yi wani allo da za ta nuna wa malaman, inda mutum zai ga abin yana tafiya da idonsa. Layi uku ne. Na sama shuɗi, na Jimmai. Na tsakiya kore, na Nouhou. Na ƙasa ja, na Mai Laɓe. Kowane layi 'yan sanduna ne suna fitowa a jere, wasu a tsaye, wasu a karkace. Na riga na gan shi sau da yawa a makon, don daga kekena ina hango fuskar kwamfutarta, kuma tana ta kunna shi tana gwada jawabinta a hankali.

Ta danna, suka fara gudu. Na tsaya a bayanta da almakashi a hannu.

Na ce, "Ni dai na jan nan nake so. Zai yi kyau a wuyan riga."

Ta yi dariya. "Ɓarawon kake so?"

"Ai shi ne mai tsari. Biyu tsaye, ɗaya karkace, uku tsaye, biyu karkace, sannan ɗaya-ɗaya har sau huɗu. Sauran biyun kullum da sabon hauka suke zuwa, shi kuwa bai taɓa canzawa ba."

Wallahi yabo nake yi. Shekara hamsin ina kallon zare yana hawa yana sauka, ido ya saba, in abu ya maimaita kansa sai na gani ko ban so ba.

Dariyar ta tsaya. "Me ka ce, Tonton?"

Na maimaita. Ta tsayar da shi, ta sake kunnawa. Na sa yatsa nesa da gilashin ina faɗa kafin su fito: biyu tsaye, ɗaya karkace, uku tsaye. Suka fito haka. Ta sake. Suka sake fitowa haka. Shuɗi da kore sun canza, ja bai canza ba.

Ta rufe allon ta buɗe wani mai rubutu ƙanana, ta yi ta gangarawa. Na koma kan kekena amma ban taka ba. Can na ji ta ce "No, no, no," a hankali, kamar mai lallashin yaro. Sai ta kife fuskarta a tafin hannu.

Bayan ta ɗago ta yi mini bayani, muryarta ba ta rawa, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali. Ta ce kwamfuta ba ta iya yin canke na gaskiya. Lamba ake ba ta ta farawa, daga ita take fitar da jerin zaɓinta. In ka ba ta wannan lambar yau ka ba ta gobe, jerin ba ya canzawa. Masu irin aikinta in suna neman wani kuskure sukan kafe lambar da gangan, don abin ya riƙa maimaituwa har su gano inda matsalar take, sannan su cire. Shekara biyu da rabi da suka wuce ta kafe wa su ukun lamba. Da ta gama ta cire ta Jimmai, ta cire ta Nouhou. Ta Mai Laɓe tana cikin wani fayil daban, ta manta.

Na gane wannan. Mu ma akwai farin zaren da muke riƙe yadi da shi kafin ɗinki na gaske, in an gama a zare shi. In ka manta da shi a riga, mai riga zai gani. Nata ba wanda ya gani.

Ta juyo mini da kwamfutar. A tsakiyar rubutun Turanci ga lamba huɗu: 1998.

"Shekarar da Baba ya zo," in ji ta. "Ita ta fara zuwa mini a kai."

Na ce, "To ki cire ta mana."

"Zan cire. Amma Tonton, dabarata koyo take yi. Shekara biyu da rabi tana koyon kama ɓarawon da kullum ta ƙofa ɗaya yake shiga, a sa'a ɗaya, da takalmi ɗaya. Ban san abin da za ta yi da na gaske ba."

Ta cire lambar a gabana ta tura aikin zuwa manyan kwamfutocin jami'a. Ta ce sai Alhamis.

Kwana biyun nan na ɗinka wa wani riga ɗaya kacal, ita ma sai da na farke hannunta. Ranar Alhamis bayan Azahar ta shigo, ba ta tambayi ko akwai wuri ba, ta zauna.

"Ya tafi," ta ce. "Rabin nan da dabarata ke ragewa duk ya tafi. Abin da ya rage bai fi kashi uku cikin ɗari ba, shi ma ban tabbata ba."

"Malaminki ya sani?"

"Ba wanda ya sani. Ni da kai. Da Baba, na gaya masa ɗazu."

Ta murza gefen hijabinta. Sannan ta ce abin da na san shi ke cin ta. Malaman nan biyar ba za su buɗe wancan fayil ba. Littafin za su karanta, su yi tambaya, su sa hannu. In ta gyara allon yadda jan layi ba zai nuna daga farko ba, shi ke nan. Minti biyar ne aikin.

"In kai ne, Tonton?"

Ban yi karatu ba ban da allo da aji uku na lakwal, ban san yadda ake yi a wurinsu ba, na kuma gaya mata haka. Amma na ce mata ni ba zan yi mata ƙarya ba: akwai rigunan da na miƙa wa masu su da kuskure a ciki ban faɗa ba, kuma ba su gani ba har yau. Sai dai ni nakan gane su. Akwai wata babbar riga da nake gani a sahun gaba duk Juma'a, shekara shida ke nan, aljihunta ya karkace da faɗin yatsa.

Ta ɗan yi murmushi. "Aljihu ba ya cutar kowa."

"Ba ya cutarwa."

"Wasu mutum biyu daga Jamus sun rubuto suna son su gwada dabarar a na'ura ta gaske," ta ce.

Washegari bayan sallar Juma'a Maazou ya biyo ni shago. Bai zauna ba. Mutum ne mai jiki, ya cika ƙofar.

"Malam Tela, ashe ka zama farfesa ba mu sani ba."

"Maazou, zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Malamai masu digiri sun duba abin nan shekara biyu sun ce ya yi. Turawa sun duba sun ce ya yi. Sai kai da almakashinka?"

"Ban san abin da nake faɗa ba a lokacin. Wuyan riga nake magana."

"To da ka tsaya a wuyan riga!" Ya sassauta murya, ya leƙa ko akwai wani a kantin. "Salifou, don Allah. Ba ta jin maganata a kan wannan, taka take ji. Ka ce mata ta karɓi takardarta tukuna. In ta shiga aiki ta gyara abinta a nutse, wa ya hana? Ba sata ta yi ba, mantuwa ce. Wa aka kashe?"

"Ranar Talata mantuwa ce," na ce. "Yau ta sani."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce shekara ashirin da shida yana ƙasar nan, mafi yawansu yana kwana a bayan kamyo daga nan zuwa Texas don ranar nan. Ya ce ƙanwarsa ta riga ta sayi tikiti daga Yamai. Ya ce me zai gaya wa mutane, ya ce musu 'yarsa ta faɗi? Na ce ba faɗuwa ta yi ba. Ya ce, "Je ka bayyana wa matan da ke falon Aïchatou bambancin." Sai idonsa ya sauka kan shaddar da ke rataye, tara a yanke, ya juya ya fita.

Ban kira Oumaima na ce mata ta yi ko kada ta yi ba. Wani lokaci ina ganin tsoro ne ya hana ni, wani lokaci ina ganin daidai ne. Har yau ban yanke ba.

Ranar Litinin da safe ina buɗe shago sai ga ta a mota, ba ta kashe injin ba. Ta sauke gilashi.

"Tonton, na yi alƙawari da Dakta ƙarfe tara. Ka yi mini addu'a."

"Wace iri?"

"Kada in canza magana in na shiga."

Ta dawo wajen sha biyu. Ta ce da ta nuna masa layin, ya cire tabarau ya ajiye, ya daɗe yana kallon bango. Sannan ya ce da Hausa, "Kai, 'yata. Ni ma na karanta fayil ɗin nan." Bai yi mata faɗa ba, bai kuma ce mata "ba komai" ba. A gabanta ya rubuta wa masu taron cewa sun janye takardarsu, ya sa ta karanta kafin ya aika. Ita da kanta ta rubuta wa mutanen Jamus.

Sauran ya biyo baya a hankali, kamar yadda irin wannan abu ke yi. Malaman suka ce babi uku cikin biyar na littafinta a kan wancan sakamakon suke tsaye, ba abin da za a kare a watan Mayu. Tallafin da take karatu da shi na shekara huɗu ne, ya ƙare a lokacinsa. Kamfanin Raleigh suka rubuto da ladabi cewa za su jira zuwa Agusta. Da Agusta ta wuce suka ɗauki wani. Ƙanwar Maazou ta zo duk da haka, ta yi wata guda ta koma, ba a yi walima ba. A falon Aïchatou labarin ya rabu kashi-kashi: wasu suka ce korar ta aka yi, wasu suka ce satar amsa, wata ma ta ce baki ne ya kama ta, don mahaifinta ya cika faɗa. Aïchatou ta daina zuwa suna da biki na wata huɗu.

Oumaima ta rame a wannan bazarar. Ta daina zuwa shago na wani lokaci, ni kuma ban neme ta ba, don ban san ko ganina yana tuna mata ba. Akwai ranakun da nake zaune a kan keke in ce da ma na yi shiru. Da yanzu tana Raleigh da ofishinta, Maazou ya sauka daga kamyo kamar yadda ya yi niyya. Sai kuma in tuna ai jan layin yana nan ko na yi magana ko ban yi ba, wani zai gani wata rana, watakila bayan an gina wani abu a kansa. Wannan tunanin ba ya kwantar mini da hankali sosai. Yana dai ba ni damar ci gaba da ɗinki.

Cikin Oktoba ta dawo, ranar Asabar, da jakarta.

"Tonton, akwai wuri?"

"Ba wanda ya zauna."

Ta buɗe kwamfutar ta ce in zo. Yanzu ba layi uku ba ne, sun kai goma, duk ja. Ta ce ta gina masu laɓe iri-iri, mai haƙuri, mai gaggawa, mai laɓewa jefi-jefi, kuma ta rubuta wani abu da ke bincikar su kansu, ya yi ƙara in ɗayansu ya fara maimaita kansa. Ta gwada shi a kan kwaikwayon wasu ɗalibai da suka ba ta izini, ta sami irin kuskurenta a ɗaya. A kan wannan take sake rubuta littafin.

"Duba mini su," ta ce. "Ka ga wani mai tsari?"

Na duba har idona ya yi ruwa. Na ce ban gani ba.

"Ka ƙara dubawa."

Na ƙara. Ban gani ba. Ba ta yi murna ba, ta dai gyaɗa kai ta juya takarda.

Maazou yana gaishe ni a masallaci, yana tambayar iyali, amma bai sake shigowa shago ba. Yana kan kamyo har yanzu, ga ciwon baya. Shaddar tana cikin akwati a ƙarƙashin teburina, tara a yanke, biyar ba a taɓa ba; Aïchatou ba ta ce in kawo ba, ba ta ce in ɗinka ba.

Oumaima tana da shekara talatin da ɗaya yanzu. Tana zaune gidan iyayenta a McLeansville. Da safe tana koyar da lissafi a wata kwaleji ta shekara biyu, Talata da Asabar da yamma tana zuwa shagona ta yi rubutu. Ta miƙa wa Dakta Nicodemus babi huɗu, saura ɗaya. Ba a sa mata ranar kare aikin ba tukuna.